Koren shayi da majinar Baba: amsa ga wata 'yar'uwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina yana da shekara 64. Ya sha sigari kusan shekara talatin, ya daina shekara biyu da suka wuce. Likita ya ce yana da ciwon huhun nan da ake kira COPD, ya rubuta masa abin shaƙa iri biyu, ga kuma maganin hawan jini da ya daɗe yana sha. Abin da ya fi damunsa majina ce. Kowace safiya sai ya yi kusan rabin awa yana tari yana kaki kafin ƙirjinsa ya sake. Na karanta cewa akwai sinadari a koren shayi da ke hana ƙwayoyin halittar huhu yin majina, don haka yau wata biyu ke nan ina haɗa masa shayin kofi shida a rana. Ya ce maƙogwaronsa ya fi bushewa, har yana son ajiye abin shaƙar. Ni kuma ina tunanin sayo masa kafson koren shayi tunda an ce ya fi ƙarfi, wani ma ya ce in tace shayin in zuba a nebulaiza don ya shiga huhu kai tsaye. Wanne ya dace in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri kan wannan ɗawainiya. Bari mu fara da abin da ba ya jira. Kada Baba ya ajiye abin shaƙarsa, kada ki zuba shayi a nebulaiza, wato na'urar da ke mayar da ruwan magani feshin shaƙa, kafson kuma ki riƙe kuɗinki. Shayin a kofi ba shi da laifi, sai dai shida sun yi yawa ga dattijo mai shan maganin hawan jini. Abin da kika karanta yana da tushe, ba ƙarya aka yi miki ba, amma rabin labarin aka ba ki. Kafin sauran rabin ya fito fili sai mun ɗan leƙa cikin ƙirji.

Mutane na ɗaukar majina a matsayin datti, alhali shimfiɗa ce da hanyoyin iska ke yi wa kansu don ƙura da hayaƙi da ƙwayoyin cuta su maƙale a kai. Mai lafiya yana yin wajen mililita 30 a rana, kimanin babban cokali biyu, yana haɗiyewa bai ma sani ba. Kashi 97 cikin ɗari na majinar mai lafiya ruwa ne. A sauran ukun akwai gishiri da furotin iri-iri, kuma wanda ke ba ta yauƙi shi ne miyusin, wasu dogayen zaruruwa da sukari ya lulluɓe. A cikin ƙwayar halitta a dunƙule suke, da an sako su sai su zuƙi ruwa su kumbura ninki ɗaruruwa cikin ƙiftawar ido. Ƙarƙashin wannan shimfiɗa akwai wasu 'yan gashi ƙanana da ido ba ya gani, ana kiransu siliya, suna kaɗawa sau 12 zuwa 15 a daƙiƙa ɗaya, suna tura majinar sama zuwa maƙogwaro. Su ne tsintsiyar huhu.

Miyusin ɗin da ke hanyoyin iska manya guda biyu ne, kuma bambancinsu yana da muhimmanci ga tambayarki. MUC5B shi ne na sharar yau da kullum. A wani bincike da aka wallafa a 2014, ɓerayen da aka cire wa shi sun kasa share huhunsu, ƙwayoyin cuta suka taru musu, da yawansu suka mutu. MUC5AC kuwa kaɗan ne a huhun mai lafiya, sai an tsokani hanyoyin iska yake hauhawa. Ƙwayoyin halittar da ake kira gobilet, saboda siffarsu ta kofi, su ne ke zubo shi. Ke nan burin mai magani shi ne ya rage wuce gona da iri na MUC5AC, ya kuma tsinka majinar yadda tsintsiya za ta iya turawa. Wanda ya busar da huhu ƙaf cutar da shi ya yi.

Ga yadda hayaƙin sigari ke tsokanar. Yana ɗauke da sinadarai masu ƙona ƙwayar halitta, irin aikin da iska ke yi wa ƙarfe har ya yi tsatsa. Waɗannan suna tayar da wani makunni da ke bisa fatar ƙwayar halitta, sunansa EGFR. Da ya kunnu sai saƙo ya bi ta wasu furotin zuwa tsakiyar ƙwayar, inda ake ba da umarnin a ƙara yin MUC5AC. Tun 1999 masu bincike a San Francisco ta Amurka suka nuna rawar wannan makunni. Hayaƙin kuma yana kiran fararen ƙwayoyin jini masu suna nutrofil, su kuma suna zubar da wani sinadari, ilastes, wanda yana cikin mafi ƙarfin abubuwan da ke sa a saki majina. A masu asma hanyar ta ɗan bambanta, wani ɗan saƙo ne mai suna IL-13 ke mayar da ƙwayoyin halitta na yau da kullum su zama masu yin majina.

Idan aka shekara talatin ana wannan, ginin kansa ke sauyawa. Ƙwayoyin gobilet suna yawaita, su bazu har ƙananan hanyoyin da a da ba su da yawa a cikinsu. Jakunkunan majina da ke cikin bangon bututun iska suna girma. Siliya suna gajarta, wasu su zube. Hayaƙi yana kuma raunana ƙofofin da ke fitar da gishiri da ruwa zuwa shimfiɗar, sai majinar ta yi kauri, daskararren abin da ke cikinta ya tashi daga kashi 3 zuwa ninkinsa biyu ko uku, wani lokaci har 15. Saboda haka matsalar Baba uku ce a haɗe: majina ta yi yawa, ta yi kauri, tsintsiya kuma ta gaji. Da dare tari yana lafawa, sharar ma tana raguwa, sai komai ya taru. Rabin awan nan na safiya bashin dare ne yake biya.

Yanzu ga shayin. Koren shayi da baƙi ganyen itace ɗaya ne. Bambancin shi ne koren ana turara shi ko a gasa shi a kasko da zarar an tsinko, don a kashe sinadarin da ke sa ganye ya rine. Wannan ne ke adana wasu sinadarai da ake kira katekin, waɗanda a baƙin shayi yawancinsu sun riga sun juye sun zama wani abu dabam. Katekin manya huɗu ne, kuma wanda ya fi yawa, wanda kusan duk binciken ke kansa, shi ne EGCG. Kofi ɗaya yakan ƙunshi miligiram 50 zuwa 100 nasa, ya danganta da ganyen da yadda aka jiƙa.

A ɗakin gwaji ana shuka ƙwayoyin halittar hanyoyin iska a 'yan faranti, a tsokane su da ruwan hayaƙin sigari ko wani sinadarin kumburi har su shiga yin MUC5AC, sannan a kwatanta farantin da aka zuba wa EGCG da wanda ba a zuba wa ba. An sha maimaita wannan, kuma sakamakon yana karkata gefe ɗaya: farantin EGCG yana yin miyusin ƙasa da ɗan'uwansa. Hanyoyin da yake bi sun dace da abin da muka zayyana. Yana kashe kaifin sinadaran nan masu ƙona ƙwayar halitta, yana rage kunnuwar EGFR da saƙon da ke biyo bayansa, yana danne wani babban makunnin kumburi mai suna NF-kB, kuma a kwalbar gwaji yana ɗaure ilastes ɗin nutrofil. An ga irin haka a ƙwayoyin halittar hanci na ɗan Adam. A 2017 ma masu bincike a Jami'ar Hong Kong sun wallafa gwajin ɓerayen da aka riƙa shaƙa wa hayaƙin sigari kusan wata biyu. Waɗanda aka ba EGCG a tsawon lokacin sun fi ƙarancin nutrofil da ƙwayoyin gobilet da MUC5AC.

To, ina gizo ke saƙar? A tazarar da ke tsakanin faranti da ƙirjin mutum.

A faranti ana zuba sinadarin tsantsarsa a kan ƙwayoyin halitta, yawanci a maikromola 10 zuwa 50 (ma'aunin yawan sinadari ne a cikin ruwa), wani lokaci fiye, ya kwana a kansu. A jiki kuwa sai ya bi ta ciki. EGCG yana jure tsamin tumbi, amma da ya shiga hanji, inda tsamin ya ragu, sai ya fara lalacewa. Bangon hanji ba ya barinsa ya wuce da sauƙi, abin da ya shiga ma ana turo wani kaso baya, hanta ta sarrafa wani, ƙwayoyin bakteriya da ke babban hanji su farfasa saura. Bayan kofi biyu ko uku, abin da ake samu a jini ba ya cika kaiwa maikromola ɗaya. Yana kaiwa ƙololuwa cikin awa ɗaya zuwa biyu, ya ragu da rabi cikin 'yan awoyi, kuma mafi yawansa a manne yake da furotin na jini. Ke nan abin da ke yawo a jikin Baba ya gaza na farantin sau goma, sau hamsin, ko fiye da haka, kuma daga jinin ma sai ya sake ƙetarawa kafin ya isa bangon bututun iska.

Akwai wasu abubuwa biyu da masu wannan aiki suka sani amma ba sa kaiwa ga labaran da ake yaɗawa. Ƙwayoyin halittar da aka fi amfani da su, NCI-H292, daga ciwon dajin huhu aka samo su asali. Suna da sauƙin shukawa, amma ba su da siliya, don haka ba za su gaya mana komai kan shara ba. Na biyu, EGCG yana ruɓewa a ruwan da ake renon ƙwayoyin halitta, ya haifar da wani sinadari dabam, haidirojin ferokzaid, sai ya zama wani kaso na abin da aka gani aikin wannan ne. Su kuma ɓerayen, tare da hayaƙin aka fara ba su sinadarin, wato rigakafi aka gwada a huhun da bai riga ya lalace ba. Baba shekara talatin ya yi. Hana gini tsagewa dabam, ɗinke wanda ya tsage dabam. Shi ya sa ba za ki sami koren shayi ko EGCG a jerin magungunan majina da ƙa'idojin kula da COPD suka amince da su ba.

Za ki ce, ai Baba da bakinsa ya ce maƙogwaronsa ya bushe. Gaskiya ya faɗa, amma abin a baki da maƙogwaro yake faruwa. Katekin suna kama furotin da ke ba miyau santsi, su dunƙule su, sai baki ya ji bauri da ƙaiƙayin bushewa. Shayi ta hanyar abinci yake bi, ba ya taɓa bututun iska ko kaɗan. Ga kuma aikin ɗumi: kowane abin sha mai ɗumi, har ruwa zalla, yana lallashin maƙogwaro, yana sa majinar hanci ta ɗan saki na ɗan lokaci. Kafeyin ma ɗan'uwan tiyofilin ne, tsohon maganin buɗe ƙirji, yana ɗan buɗe hanyoyin iska na 'yan awoyi, buɗewar da ba ta kai ta kusa da ta abin shaƙa ba. Waɗannan ukun sun isa su sa mutum ya ji kamar ya samu sauƙi alhali abin da ke ƙasan ƙirji yana nan yadda yake.

Idan kina son ki tabbatar, ki auna. Ki samu ƙaramin kofin roba mai murfi wanda ake ganin cikinsa, Baba ya riƙa tofa kakin safiya a ciki. Ki rubuta yawansa da cokali, launinsa, kaurinsa, da mintunan da ya ɗauka yana tari. Ki yi mako biyu a haka, sannan ki maye shayin da ruwan ɗumi na wasu mako biyu, ki kwatanta. Ki zubar da kakin a bayan gida, ki wanke kofin da hannuwanki da sabulu. Takardar nan za ta amfani likitansa fiye da a ce masa "da ɗan sauƙi".

Batun kafso shi ne garin neman gira a rasa ido. Kafso ɗaya na iya ɗaukar EGCG ɗin kofi biyar ko fiye, ya sauke shi lokaci guda, kuma idan aka sha da wofin ciki abin da ke shiga jini yana ninkawa. Hanta ce ke ɗaukar nauyin. A 2018 Hukumar Kula da Lafiyar Abinci ta Turai ta duba shaidun da ake da su, ta ce shan shayin a jiƙe yadda aka saba ba shi da matsala ga yawancin mutane, amma daga miligiram 800 na EGCG a rana ta hanyar kafso ana ganin alamun rauni a gwajin hanta. A 2022 Tarayyar Turai ta kafa dokar cewa abin da ake sha a rana ya gaza 800, kuma a rubuta gargaɗi a kwalba: kada a sha da wofin ciki, kada mai juna biyu ko mai shayarwa ko wanda bai kai shekara 18 ba ya sha. Raunin ba kowa yake kamawa ba, akwai waɗanda gadonsu ya sa suka fi saurin kamuwa, kuma ba a gane su da ido. Ƙari kan haka, abin da aka rubuta a kwalbar irin waɗannan kayayyaki ba kullum yake daidai da abin da ke ciki ba. Idan har ya taɓa shan wani, kika ga idonsa ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, ga tashin zuciya da kasala ko ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama, a daina nan take a je a gwada hanta.

Nebulaiza kuwa ta fi wannan haɗari. Na'urar tana farfasa ruwa ya zama ɗigo ƙanana ƙwarai, ƙasa da maikromita 5, don su wuce duk matatun hanci da maƙogwaro su isa ƙasan huhu. Duk abin da aka zuba mata can za ta kai shi. Shayin da aka tace da rariya ko ƙyalle yana da ɓurɓushin ganye, kuma busasshen ganye kan ɗauko ƙwayoyin fumfuna da ruwan zafin shayi ba ya kashewa duka. Gishirinsa bai dace da na ruwan jiki ba, kuma shaƙar ruwan da ba shi da gishiri yana iya matse hanyoyin iska nan take ga mai irin ƙirjin Baba. Ki kuma tuna baurin nan: abin da ke dunƙule furotin a baki ba shi ake so a kan majinar da dama ta yi kauri ba. A nebulaiza ba a zuba komai sai maganin da aka yi dominta, ko ruwan gishiri tsarkakakke na asibiti da likita ya rubuta.

Yadda zai sha shayin kuwa ga shi. Kofi biyu zuwa uku a rana sun isa. Ganye giram 2, wato ƙaramin cokali ɗaya ko jaka ɗaya, a ruwa mililita 200 zuwa 250. A tafasa ruwan, a sauke, a bar shi minti uku zuwa biyar ya sauko wajen digiri 80, a zuba a kan ganyen, a jira minti biyu zuwa uku, a tsame. Idan aka dafa ganyen a kan wuta ko aka bar shi ya daɗe, katekin da kafeyin suna ƙaruwa, amma ɗaci da bauri ma haka, kuma shi ne ke sa wasu tashin zuciya. Kada a cika fulas a ajiye tun safe, domin idan ya juye ruwan ƙasa katekin ɗin sun riga sun lalace. A bar shi ya huce kafin a kurɓa: hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya abin sha mai zafin da ya haura digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo dajin maƙoshi, kuma tsohon mai shan sigari ba ya buƙatar ƙarin kaya ta wannan fuska. Ya sha bayan abinci da kamar awa ɗaya, don shayi yana hana jiki zuƙar sinadarin ƙarfe daga abinci idan aka haɗa su, kuma kada ya sha da wofin ciki.

Kowane kofi yana da kafeyin wajen miligiram 30 zuwa 45. Shida ba su kai iyakar 400 da ake faɗa wa baligi mai lafiya ba, amma lissafin Baba dabam ne. Hayaƙin sigari yana sa hanta ta gaggauta fitar da kafeyin, wanda ya daina kuwa sai kafeyin ya riƙa daɗewa a jikinsa fiye da da. Salbutamol, wato abin shaƙar gaggawa, dama yana sa bugun zuciya da karkarwar hannu, kafeyin yana ƙara musu. Yana kuma iya tayar da ƙwannafi, shi kuma ƙwannafi yana sa yawan gyaran murya da tari da dare. Kofin ƙarshe kada ya wuce tsakar rana sosai, don barci da yawan tashi fitsari. Ki rage a hankali, kofi ɗaya duk bayan kwana biyu ko uku, don kada ciwon kai ya kama shi. Ranar gwajin hura iska kuma ya ƙaurace wa shayi aƙalla awa huɗu kafin gwajin.

Ba ki faɗi sunan maganin hawan jininsa ba, kuma wannan muna son ki duba yau. Wani gwaji da aka yi a Japan aka wallafa a 2014 ya nuna shan koren shayi kullum na mako biyu ya rage nadolol, wani maganin hawan jini, da ke shiga jini da kusan kashi 85 cikin ɗari, saboda katekin suna toshe ƙofar da maganin ke bi a hanji. An ga irin wannan ragi da lisinopril idan aka sha shi tare da tsantsar koren shayi. Lisinopril da danginsa, masu ƙarewa da "pril", su da kansu suna jawo busasshen tari ga wasu, nadolol kuwa yana iya matse ƙirji, don haka ko ba shayi ya kamata likita ya san ana shan su tare da COPD. Idan yana shan tiyofilin ko wafarin mai hana jini daskarewa, ko aka rubuta masa maganin kashe ƙwayoyin cuta sifurofuloksasin, wanda ke sa kafeyin ya taru a jini, a gaya wa likita ko mai ba da magani yawan shayin da yake sha. Ya riƙa shan magungunansa da ruwa zalla, ya bar tazarar awa biyu ko fiye tsakaninsu da shayi, ki kuma auna masa jini a 'yan makonnin nan.

Abin da zai rage masa rabin awan safiya yana hannunku tun yanzu. Na farko abin shaƙar da yake son ajiyewa. Irin su tiyoturofiyom suna toshe saƙon jijiyar da ke matse bututun iska, wadda ita ce kuma ke umartar jakunkunan majina su zubo, sannan suna rage yawan tashin ciwon. Idan hanya ta buɗe, tari yana samun iskar da zai turo majina da ita. Da yawa ba sa cin moriyarsa don ba sa shaƙa daidai. Mai fesawa ana girgiza shi, a fitar da numfashi, a rufe leɓe a bakinsa, a danna daidai lokacin da aka fara jan iska a hankali, a riƙe daƙiƙa goma. Bututun tazara da ake jonawa yana sauƙaƙa wa dattawa sosai. Mai gari kuwa da ƙarfi da sauri ake zuƙarsa. Idan akwai sitiroid a ciki, ya kuskure baki ya tofar bayan kowace shaƙa. Ku tafi da abin asibiti ya shaƙa a gabansu su gyara masa.

Na biyu, dabarar fitar da majina, wadda ta fi tarin ƙarfi amfani. Tari mai tsanani yana ruguza ƙananan hanyoyin iska da suka yi rauni, majinar ta maƙale a baya, mutum ya gaji a banza. Ya shaƙi maganin buɗe ƙirji, ya jira minti goma zuwa sha biyar, ya zauna a miƙe kafaɗu a sake. Ya yi numfashi a natse ta hanci na daƙiƙa 20 zuwa 30, hannu a kan ciki. Sai dogon numfashi uku ko huɗu, kowanne ya riƙe daƙiƙa uku don iska ta zagaya ta bayan majinar. Ya koma numfashin natsuwa, sannan ya buɗe baki ya huro iska daga ƙirji kamar mai son madubi ya yi raɓa, sau ɗaya ko biyu: doguwar hurawa mai sauƙi tana motso ta ƙasa, gajera mai ƙarfi tana fitar da wadda ta hauro. Sai ya ji ta iso maƙogwaro zai yi tari ɗaya. Ya maimaita zagayen na minti goma zuwa sha biyar, safe da yamma, kafin abinci. Idan ya ji jiri ko ƙirji ya fara shewa, da ƙarfi yake yi, ya tsawaita hutun.

Ya sha ruwa daidai, yadda fitsari zai zama fari-fari. Ƙishirwa tana ƙara wa majina kauri, amma ɗura ruwa fiye da ƙima ba ya tsinka ta, kuma yana da illa ga mai ciwon zuciya ko ƙoda. Tafiyar ƙafa kullum tana motsa majina fiye da yadda ake zato. Kowane irin hayaƙi da ƙura da turare mai ƙarfi suna sake kunna makunnin nan na EGFR, kuma nisantarsu ya fi duk wani aikin da EGCG zai yi. Ki tambayi likita game da magungunan tsinka majina kamar kabosistin ko asitilsistin. Akan gwada su na makonni huɗu zuwa shida, a bari idan ba a ga bambanci ba, kuma ana taka-tsantsan da su ga mai gyambon ciki. Ki tambaya har da allurar rigakafin mura da ta nimoniya. Maganin danne tari kuwa kada ya sha sai da izinin likita, don majinar da aka hana fita ita ke zama mazaunin ƙwayoyin cuta.

Launin kore ko ɗorawa a kaki daga wani sinadarin nutrofil yake zuwa, shi kaɗai bai nuna ana buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta ba. Abin lura shi ne sauyi daga yadda aka saba. Idan numfashi ya ƙara wuya, kakin ya ƙaru, launinsa ya juye, biyu daga cikin ukun nan sun isa a ga likita a ranar. Jini a kaki ko da ɗigo ne, rama ba dalili, zufar dare, zazzaɓin da ya ƙi tafiya, dusashewar murya fiye da mako uku, ko tarin da ya sauya kama, duk suna buƙatar hoton ƙirji da gwajin kaki na tarin fuka, kuma ga wanda ya sha sigari shekara talatin ba a jinkirta su. Idan kakin yana cika rabin kofi a rana ko yana wari, a nemi hoton sikan na ƙirji, domin akwai ciwon da bututun iska ke faɗaɗa su zama aljihun majina, kuma kulawarsa dabam ce. Leɓe ya yi shuɗi, ko ruɗewa, ko ya kasa ƙarasa magana saboda haki, wannan na gaggawa ne, ko tsakar dare ne a tafi asibiti.

Idan za ku koma ganin likita, ki haɗa kwalayen magungunansa duka, da abin shaƙar biyu, da takardar awon kakin nan, ki kuma faɗa musu cewa wata biyu yana shan kofi shida a rana, domin su duba jininsa da wannan a zuciya. Ki gaishe mana da Baba, Allah ya ƙara sauƙi.